Siffar ƙwai a kan injin juya katako: ta ina mai koyo a Sakkwato zai fara?

Injin juya katako, irin wanda kafintocinmu ke fitar da ƙafar gado da ƙafar teburi da sandar labule da shi, da'ira kawai yake haifarwa. Ana ɗaure katako tsakanin tsini biyu, injin ya juya shi, mai aiki ya kafa cizal a wuri ɗaya. Tun da nisan bakin cizal daga cibiyar juyin ba ya canzawa, duk abin da ya fito zagayayye ne. Amma kayan aiki da yawa da muke riƙewa kullum ba sa son zagayayyar ƙota. Wanda ya taɓa aiki da guduma mai irin wannan ƙota ya san halinta: hannu ya yi gumi, ta murɗe, bakinta ya sauka a karkace, ƙusa ta lanƙwashe. Ƙota mai siffar ƙwai kuwa, wadda faɗinta ta fuska ɗaya ya fi na ɗayar, zama take yi daram a tafin hannu, kuma ko idonka na wani wuri hannunka ya san inda bakin gudumar ya fuskanta. Kafar da ake zura ƙota a kan diga da gudumar kanti ma da wannan siffa aka yi ta, don kada kan ya riƙa juyawa.

Masassaƙanmu sun daɗe da sanin wannan. Kayan da maƙeran Maƙera Assada ke ƙerawa, daga gatari zuwa wuƙa da adda, sai da ƙota suke zama kayan aiki, kuma da gizago da ido ake fitar da ita. Tambayar da ke gaban matashin da ya samu injin juyi, ko yake koyo a shagon maigidansa, ita ce ko injin zai iya wannan aiki, kuma idan zai iya, da me ake farawa.

Zai iya, ta hanya biyu da ba su haɗa komai ba sai suna. Ta farko ba ta buƙatar ƙarin kaya ko ɗaya, sauya wurin da tsini ke cizon katako kawai ake yi. Ta biyu tana buƙatar wani mariƙi na musamman mai zamewa, wanda ke kai katakon gaba yana dawo da shi yayin da yake juyawa. Masu ganin bidiyon Turawa a YouTube yawanci ta biyun ce ke ɗaukar hankalinsu, don ita ce mai ban sha'awa a ido. A ganina wanda ke Sakkwato da ta farko ya kamata ya fara, ya daɗe a kanta, don ita ce ke da kasuwa a ƙofar shagonsa, ita ce kuma ke koya wa hannu abin da ta biyun za ta nema daga baya.

Ga yadda ta farkon take. A ce ƙotar guduma kake so, tsawonta santimita 35, kaurinta milimita 40 ta fuska mai faɗi da 30 ta fuska siririya. Ka samu busasshen katako wanda zarensa ya miƙe daga kai har gindi, babu ƙulli babu tsaga, ka bar masa rarar santimita biyu ko uku a kowane kai don tsini ya samu wurin cizo. Ka nemo cibiyar kowane kai, ka ja layi ɗaya da ya ratsa ta, sannan a kan layin ka ɗiga alama biyu, ɗaya milimita 8 dama da cibiyar, ɗaya milimita 8 hagu da ita. Haka za ka yi a ɗaya kan, kuma dole layukan biyu su kwanta a fuska ɗaya. Idan na wannan kai ya karkace daga na wancan, ƙotar za ta fito a murɗe. Ka rubuta lamba a jikin ɗigon, 1 a tsakiya, 2 da 3 a gefe, yadda 2 na nan zai kalli 2 na can, ka kuma ɗan huda kowanne da ƙusa don tsini ya zauna.

A kan lamba 1 za ka fara, ka juya katakon ya zama zagayayye mai kaurin milimita 40, aikin da ka riga ka saba. Sai ka tsayar da injin, ka ja layin fensir biyu a tsawon katakon, a gefe biyun da za su zama bakin faɗin ƙotar, wato waɗanda ba sa kan layin ɗigon nan uku. Daga nan ka mayar da tsini kan lamba 2 a duka kawunan. Yanzu katakon yana juyawa a karkace, ɓangaren da ya yi nisa da sabuwar cibiyar yana leƙowa waje, shi kaɗai cizal zai taɓa. A nan ne masu koyo da yawa ke rikicewa: idan ka goce dama, hagu ne zai ci. Ka yi ta ɗauka kaɗan-kaɗan har saran ya rage kamar milimita 4 ya iso layin fensir ta sama da ta ƙasa, ka tsaya. Ka koma lamba 3 ka yi wa ɗayan ɓangaren haka nan. Abin da zai rage a hannunka katako ne mai 40 a fuska ɗaya, kusan 30 a ɗayar, da ƙananan tudu huɗu a inda sara ya haɗu da sara. Waɗannan da samfefa ake kwantar da su, injin a kashe, ana bin tsawon zaren icce. In an auna da ma'aunin lissafi siffar ba cikakkiya ba ce, baka huɗu ne aka haɗa, amma hannu ba ya bambancewa, kan guduma ma haka. Gocewar ta ƙaru, ƙotar ta ƙara sirancewa ta fuska siririya, kuma kana iya goce wa kai ɗaya fiye da ɗayan idan kana son wajen riƙo ya fi wajen kan cika.

Abin da ke da wuya a wannan aiki shi ne cizal ba ya kan katako kowane lokaci. A kowane juyi rabi yana sara, rabi yana cikin iska. Kunne zai ji tak-tak-tak maimakon sautin da ya saba, ido kuma zai ga katakon ya zama biyu: tsakiya mai duhu, da wata inuwa shara-shara a kewaye da ita. Inuwar nan katako ce, ita ake sara, ita ce kuma ke fasa yatsan wanda ya manta da ita. Masu gwaninta saman inuwar suke kallo, ba bakin cizal ba, don a can ake ganin siffar tana fitowa. Ka jingina farin kwali ko baƙin allo a bayan injin, gwargwadon launin katakon, za ka ga bakinta sarai. Hannu kuma ya danne cizal ƙasa a kan majingininsa, kada ya tura shi gaba. Wanda ya tura, cizal zai faɗa cikin gurbin iskar, katakon ya zagayo ya doke shi.

Kafin ka kunna injin bayan kowane sauyin tsini, ka juya katakon da hannu zagaye ɗaya cikakke ka tabbata bai taɓa majingini ba. Wannan ba shi da ranar hutu. Maganar gudu kuma tana son lura. Ƙarfin da ke fizgar katako mai karkata yana ƙaruwa ne fiye da gudun: ka ninka gudu sau biyu, fizgar ta ninku sau huɗu. Saboda haka da ƙaramin gudu ake farawa, a riƙa ƙarawa har a ji injin zai fara rawa, sai a ɗan rage. Yin sanyi da yawa shi ma ba daidai ba ne ga ƙaramin abu kamar ƙota, don gurbin iskar yana daɗewa, cizal ya riƙa tsalle. Yawancin injinan da ake haɗawa a gida motarsu na juyi kusan 1,400 a minti a kan wutarmu, kuma sau tari fuli ɗaya gare su, wato faifan da bel ke hawa. Idan fulin motar santimita 5 ne, na injin 15, gudun ya sauko ƙasa da 500. Fuli mai hawa uku na daga cikin abubuwa mafi amfani da mai wannan sana'a zai kashe wa kuɗi. A kuma ɗaure ƙafafun injin da ƙasa, ko a ɗora wa gindinsa buhunan yashi.

Akwai abin da littattafan waje ba za su gaya maka ba, don ba irin suturarmu suke sawa ba. Hannun kaftani, gefen babbar riga, jelar rawani, carbin da ke rataye a wuya, duk abin da ke lilo injin zai iya kamawa, kuma katako mai karkata ya fi zagayayye saurin cafka. A shiga aiki da riga mai gajeren hannu. A sa garkuwar fuska ta roba, tabarau kaɗai ba ya tsare haƙori. A rufe hanci, musamman a kan maɗaci, don ƙurarsa na damun ƙirji.

Sai icce, wanda a Sakkwato shi ne rabin maganar. Marke da aduwa masu ƙarfi ne kuma sun daɗe suna ba mu ƙota. Aduwa ce ma ake sassaƙa allon karatu da ita. Ƙirya ta fi su tauri, ita ce ta turmi da gawayin maƙera, sai dai tana dakushe cizal nan da nan, kuma ta yi ƙaranci. Jiharmu na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa saboda kwararowar hamada, don haka bai dace sabuwar sana'a ta zama sabon dalilin sare ƙirya ba. Ga mai koyo, dogon yaro ya wadatar. Yana ko'ina a birni, ana sassabe rassansa kowace shekara, danginsu ɗaya da maɗaci, yana karɓar cizal, gara ba ta cika damunsa ba. Guntayen katakon da ke zuwa daga Kudu, waɗanda ke zube a shagunan kafintoci, su ma sun isa a yi atisaye da su.

Yanayinmu ba ya yafe wa ɗanyen icce. Daga damina zuwa tsakiyar hunturu iskar garin nan tana tashi daga laima zuwa bushewar da ke tsaga leɓe, icce kuma yana binta. Ba ya raguwa a tsawo sai abin da ba a rasa ba, a kauri yake ƙanƙancewa, kuma ta wata fuska ya fi ta wata kusan ninki biyu. Shi ya sa akushin da aka sassaƙa zagayayye da ɗanyen icce kan ɗan miƙe ta gefe ɗaya bayan ya bushe. Ƙotar da aka sa wa guduma a watan Agusta tana iya fara girgiɗi a Janairu. Mutane kan tsoma ta a ruwa ta kumbura, kwana biyu ta bushe ta fi da sakewa, don kumburin ya murƙushe zaren da ke cikin kafar. Maganin tun farko ne: a busar da icce a inuwa, a shafe kawunansa da fenti ko kakin kyandir don kada su tsage, a yi sassaƙar ƙarshe da sa kai lokacin rani. Ƙotar da aka sa a bushe, damina ƙara mata kamu take yi.

Kada kuma wani ya ɗauka injin zai kori gizago. Ƙotar fartanya da ta gatarin gargajiya, masu ƙullin kai inda ake ƙona rami a soka ƙarfe, daga reshe ake zaɓo su da lanƙwasarsu ta halitta, zaren iccen yana bin lanƙwasar, a nan ƙarfinsu yake. Injin juyi miƙaƙƙen abu ya sani. Rabonsa shi ne ƙotar guduma da diga da cizal, mariƙin wuƙa da na takobi da na adda, hannun ƙofa da na aljihun kabad. Wannan ma kasuwa ce babba a gari mai yawan magina da makanikai da mahauta. Inda ake son dubbai iri ɗaya, wani injin daban ake amfani da shi, mai kwaikwayon samfuri. Thomas Blanchard ya yi rajistarsa a Amurka a 1819 don sassaƙa gindin bindiga, daga baya aka riƙa fitar da ƙotar gatari da katakon siffar ƙafa na masu ɗinkin takalmi da shi. Wannan na masana'anta ne.

Hanya ta biyu ita ce ta faranti da tire da firam ɗin madubi ko na hoto, abubuwan da ake ɗaurewa ta fuska ɗaya. Mariƙin nata faifai biyu ne. Na baya yana ɗaure da sandar injin, na gaba, wanda katako ke jikinsa, yana zamewa a cikin na baya kamar aljihun teburi. A jikin kan injin akwai zoben ƙarfe da ba ya juyawa, wanda ake iya gocar da shi gefe, faifan gaba kuma yana da ƙarafa biyu miƙaƙƙu da suka rungumi zoben. Idan sanda ta juya, zoben yana tilasta wa faifan gaba ya zame ya dawo, katakon ya kusanci cizal sau biyu ya nisance shi sau biyu a kowane zagaye. Cizal na tsaye wuri ɗaya, cikakkiyar siffar ƙwai mai kai biyu daidai tana fitowa. Lissafinsa mai sauƙi ne: tsawo yana fin faɗi da ninki biyu na gocewar zoben. Ka gocar da shi santimita 5, idan bakin firam na waje ya zama 40 da 30, na ciki zai iya zama 30 da 20. Bambancin 10 ɗin nan ba ya canzawa, saboda haka kana matsowa tsakiya siffar tana ƙara sirancewa, har ta koma layi miƙaƙƙe mai tsawon santimita 10. Mai son yin tire sai ya san da wannan kafin ya fara raraƙe cikinsa.

Dabarar tsohuwa ce. Ana jingina ta ga Leonardo da Vinci, kuma Charles Plumier ya yi bayanin irin wannan juyi a littafinsa na sana'ar da ya fito a Faransa a 1701. Inda ta fi yin kasuwa shi ne ƙarni na 19, lokacin da ɗaukar hoto ya yaɗu, kowane gida na son rataye hoton iyaye a firam mai siffar ƙwai. A 1864 Charles Schwamb da ɗan'uwansa Frederick, 'yan asalin Jamus, suka kafa masana'antar irin wannan firam a garin da yau ake kira Arlington, kusa da Boston. Da iyalin suka tashi rufe ta a 1969, wata mata mai suna Patricia Fitzmaurice ta jagoranci ceto ta, kuma har yau ana juya firam a kan tsofaffin injinanta. Abin koyi a aikinsu shi ne ba daga allo ɗaya suke yanko firam ba. Gutsure huɗu suke haɗawa da gam, kowanne zarensa na bin lanƙwasar, don firam ɗin allo ɗaya yana karyewa a inda zaren ya gajarce. A zamaninmu Farfesa Johannes Volmer na garin Chemnitz a Jamus ya sake fasalin mariƙin yadda nauyinsa zai daidaita ya rage girgiza, kamfanin Vicmarc na Ostareliya kuma ya ƙera shi don sayarwa.

Wahalar wannan hanya biyu ce. Tsakiyar katakon tana zagaya sau biyu a kowane juyin sanda, don haka girgizar ta fi ta hanyar farko nesa ba kusa ba, dole gudu ya tsaya a 'yan ɗaruruwa, injin ya zama mai nauyi, wuraren zamewa su sha mai kullum, ga ƙurar hunturu da ke haɗuwa da giris ta zama abin cin ƙarfe. Ta biyu, wuri ɗaya tak ne a fuskar katakon yake a natse: layin kwance da ya yi daidai da tsayin sandar injin. A kansa kaɗai ake sara. Bakin cizal ya ɗan hau sama ko ya sauka ƙasa, siffar da yake yankawa ta karkace daga ta kusa da ita, sai ka ga bakin firam ya yi kauri nan ya sirance can. Masu yin aikin kan haska siririn layin haske a wurin don ido ya bi, kuma makankari ya fi cizal mai kwarmi sauƙin riƙewa a kan layin.

To, a saya ko a ƙera? Sayowa daga waje da kuɗin waje ne, ga kuɗin jirgi da na kwastan, kuma sai haƙoran mariƙin sun dace da na sandar injinka, abin da injin haɗin gida ba kasafai yake da shi ba. Ban ga hikimar mai koyo ya zuba jarinsa a nan ba. Ƙerawa a gida mai yiwuwa ce, don zanen a fili yake kuma babu wani ɓoyayyen sirri a ciki, amma aikin masu injin yankan ƙarfe ne masu awo da ma'auni, ba na walda da ƙiyasin ido ba. Faifan da ya kuɓuce yana gudu da katako a jikinsa ba ƙaramin haɗari ba ne. Wanda kuma firam ko tire kawai yake so ya sayar yana da gajeriyar hanya: ya zana siffar a kan allo da ƙusa biyu da zare. Don 40 da 30, a kafa ƙusoshin a kan layin tsawo da tazarar santimita 26 da rabi, a ɗaura musu zaren da tsawonsa tsakaninsu ya kai 40, a ja shi da fensir a zagaya. A yanke da zarto, a fitar da adon baki da rauta. Kayan ɗakin amarya da allunan karramawa da ake rabawa a taruka ba sa tambayar da wane inji aka yi su.

Inda mariƙi mai zamewa ya dace shi ne makaranta. Kwalejojin fasaha na gwamnati da ke Farfaru da Runjin Sambo, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, su ne wuraren da ɗalibin ƙarfe da ɗalibin katako za su iya haɗuwa a kan aiki ɗaya: wannan ya zana ya ƙera, wancan ya gwada, malami na tsaye a kansu. Guda ɗaya mai kyau da aka ƙera a nan gida, aka gwada shi a ƙaramin gudu, aka rubuta awonsa, zai isa masu injin ƙarfe na gari su kwaikwaya. Ina roƙon malaman waɗannan sassa su sa shi cikin ayyukan kammala karatu na ɗalibansu.

Kai kuma mai koyo, nemi guntun dogon yaro busasshe, ka ɗiga ɗigonka uku, ka fitar da ƙotar guduma. Idan ka gama, kai ta wurin magini ko maƙeri ya yi aikin mako guda da ita, sannan ka koma ka ji abin da zai ce kafin ka yanka ta biyu.